Yadda Ake Kai Jirgin Wani Mayami Ba Tare da an Kwana a Laka ba

Kowace shekara, da sanyi ya fara kunno kai a arewa maso gabashin Amurka, masu jiragen ruwan shaƙatawa sukan karkata akalarsu kudu, su nufi Fulorida. Wanda aiki ya riƙe sai ya ɗauki hayar matuƙi ya kai masa jirgin, shi kuma ya bi ta sama ya tarar da kayansa. Idan Allah ya sa kai ne aka damƙa wa makulli, kuma jirgin samfurin tirola ne, wato mai faɗin ciki da nauyi da aka ƙera bisa siffar jiragen masunta, to shawarata ɗaya ce, sauran duk rassanta ne: ka ajiye gaggawarka a bakin gaɓa kafin ka kwance igiya. Jirgin nan yana da takunsa, kuma tun kafin a haife ka aka yanke masa shi. Grand Banks 36, wanda ya fito tun 1965, da ire-irensa masu ɗauke da injin dizal na Ford Lehman mai ƙarfin doki 120, suna tafiyar mil 8 zuwa 9 a awa, suna shan kimanin galan 2 na mai. Dalilin a jikin jirgin yake. Yana ture ruwa ne da ƙirjinsa, kuma tsawonsa ne ke ƙayyade iyakar gudunsa. Ka ƙure masa wuta, bayansa ya nutse, inji ya yi ta gurnani, mai ya riƙa zurarewa, abin da ka ƙaru da shi bai kai mil ɗaya ba.

To sai lissafi. Hanyar ruwan cikin gaɓa, wadda aka haɗa da koguna da tafkuna da magudanan da aka haƙa, ana fara ƙirga ta daga Nofok a jihar Birjiniya, kuma zuwa Mayami kusan mil 1,090 ne. A mil 50 kowace rana, ka kama mako uku ke nan, in ba ka yi hutu ba, in iska ba ta tsare ka ba, in inji bai yi fushi ba. Ka faɗa wa mai jirgi wannan tun ranar farko, da babbar murya, a gaban shaida. Zai ce ai a mota kwana biyu ne. Ka amsa masa da ladabi cewa gaskiyarsa, amma ba mota ya saya ba. Ka kuma tambaye shi takardar inshora, domin lokacin guguwar tekun Atilantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma kamfanoni da yawa ba sa yarda jirgi ya gangara kudu sosai kafin farkon Nuwamba.

Ranar farko kuwa ba ranar tafiya ba ce, ta durƙuso ce a ɗakin inji. Jirgin da ya shekara ɗaure a tasha ya tara dauɗa a gindin tankinsa, tana kwance lafiya lau har ranar da igiyar ruwa ta girgiza shi. Wurin da aka fi yin wannan girgiza shi ne mashigin Albemarle a Karolina ta Arewa, ruwa mai faɗi marar zurfi, wanda iska kaɗan ke tayar masa da hankali. Nan dauɗar za ta tashi ta toshe matacin mai, inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Saboda haka ka koyi sauya matacin tun jirgi na ɗaure: rufe famfon mai, kwance murfi, zare tsohon da ya yi baƙi ƙirin, sa sabo, cika mazubin da dizal mai tsabta, sannan ka fitar da iskar da ta shiga bututu. Aikin minti goma ne a tasha. A tsakiyar Albemarle, kana tsugune kusa da inji mai zafi, jirgi na wurgi da kai hagu da dama, warin mai na juya maka ciki, sai ka rantse an ƙara wa minti tsawo. Ka sayi mataci fiye da yadda kake zaton za ka buƙata, ka haɗa da robar famfon da ke jawo ruwan sanyaya inji.

Daga nan sai karatun alamomi, kuma a nan masu ji da kansu ke faɗuwa. Alamomin hanyar suna ɗauke da ɗan tambari ruwan ɗorawa. Mai gangarawa kudu ya bar mai kusurwa uku a damansa, mai kusurwa huɗu a hagunsa, ko da wane launi aka shafa wa allon da tambarin ke kai, domin inda hanyar ta haɗu da wani kogi launukan kan juye. A takarda, zurfin hanyar ƙafa 12 ne daga Nofok zuwa Fort Pierce. Yashi dai bai karanta takardar ba. Rundunar injiniyoyin sojan Amurka da ke kula da hanyar tana yashewa, ruwa yana mayarwa, musamman a Lockwoods Folly da Shallotte, da kuma Hell Gate da Little Mud River a Jojiya. A Jojiyar nan tazarar cikar teku da janyewarsa takan kai ƙafa 8, shi ya sa wurin da ka wuce cikin kwanciyar hankali da hantsi zai iya zama fili da la'asar. Dabarar ita ce ka shiga wuraren nan ruwa na hawa, ko da hakan na nufin ka jefa anga ka zauna awa uku kana shan shayi. Wanda ya taɓa ƙasa ruwa na hawa, ruwan zai ɗaga shi. Wanda ya taɓa ruwa na sauka, zai kwana a karkace, 'yan'uwansa matuƙa na wucewa suna ɗaga masa hannu cikin tausayi, wasu har da ɗaukar hoto.

Wani zai ce ai zamani ya wuce wannan wahala, ga taswirar kwamfuta da jan layi shimfiɗe a tsakiyar hanya, bi kawai. Na'urar tana da amfani ƙwarai, kuma ba na ba kowa shawarar tafiya babu ita. Sai dai an zana layin ne bisa awon da aka yi a baya, tudun yashi kuwa yana ƙaura bayan kowace guguwa, kuma masu gadin teku sukan matsar da alamomi su bi shi. In allo ya ce dama, alamar da ke gabanka ta ce hagu, bi alamar, idonka ɗaya a kan ma'aunin zurfi. Ɗayan idon kuma ka bar wa tarkunan masu kamun ƙaguwa, don igiyarsu in ta naɗe farfela, wani ne zai shiga ruwan Nuwamba da wuƙa, kuma ba mai jirgi ba ne.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. Ana biyan matuƙi ne da kwana, don haka mai jirgi na iya zargin cewa duk wannan wa'azin haƙuri hanyar tsawaita lada ce, alhali a buɗaɗɗen teku babu gada babu laka, ana tafiya dare da rana. Haka ne, kuma ƙwararrun matuƙa sukan fita teku idan yanayi ya yi kyau, misali su tsallake kwane-kwanen Jojiya a yini da dare ɗaya. Amma fitar ma haƙuri take nema, don sai an jira iska ta kwanta. Tirola tana da layi idan igiyar ruwa ta buge ta a gefe, yawancinsu inji ɗaya gare su, ga tankin da ba ka san tarihinsa ba. Jirgin da ke yin mil 8 a awa ba ya tsere wa hadari, sai dai ya karɓe shi. Zagayen gaɓar Hatteras ta buɗaɗɗen teku kuwa, wurin da ya ci jiragen da ba sa ƙirguwa, yana cikin dalilan da suka sa masu ƙananan jirage ke gode wa hanyar ciki. Kwana biyu na jira sun fi arha a kan kuɗin jirgin janwe da gyaran farfela. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, kuma a wannan hanya ita ce ma take kaiwa.

Saura gadoji, makarantar ladabi. Yawancin tsayayyun gadojin hanyar ƙafa 65 ne daga ruwa, gadar Julia Tuttle ta Mayami kuwa ƙafa 56, kuma duk wannan bai dami tirola ba. Masu buɗewa ne abin lura, don da yawansu sai kan awa ko rabin awa. Ka kira mai gada ta oba-oba, tasha ta 13 a Birjiniya da Karolina ta Arewa, ta 9 a Fulorida, ka gaishe shi, ka faɗi sunan gadarsa daidai da sunan jirginka, in ka wuce ka yi godiya. Ka auna tafiyarka ka iso ana saura minti biyu, domin tsayar da jirgi mai inji ɗaya wuri guda, ruwa na tura shi gada, ya fi tafiyar wuya. A nan ne za ka sake haɗuwa da mai jirgin gudun da ya wuce ka ɗazu ya kifar maka da butar shayi, yana ta kewaye a gaban gada tun rabin awa. Ka gaishe shi da fara'a. Idan wani ya nemi izinin wuce ka ta rediyo, ka rage gudu sosai, shi ma ya rage, ku rabu ba a fasa kwano ba.

In ka isa Mayami, ka wanke jirgin ciki da waje, ka cika tanki, ka miƙa wa mai shi littafin tafiya da rasit ɗin mai. Ka rubuta masa duk abin da ya lalace, da duk inda gindin jirgin ya shafi ƙasa, da rana da wuri. Ranar da aka ɗaga jirgin don fenti zai gani da idonsa, gara ya riga ya ji daga bakinka.