Yadda Gwaggo Ta Ɗago Kan Likitanmu

A gidanmu cuta biyu kacal aka yarda da su a hukumance: maleriya da taifot. Ba mu muka yanke wannan hukunci ba, likitan iyalinmu ne. Yaro ya faɗo daga kan keke ya gurje gwiwa, maleriya da taifot. Uwargida ta kwana riƙe da kunci saboda ciwon haƙori, maleriya da taifot. Na yi imani da zan tura masa babur ɗina ranar da ya ƙi tashi, cewa zai yi a kai shi ɗakin gwaji a ɗebi jini.

Inshorar lafiya ce ta haɗa mu. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin a 2005, ma'aikaci kan zaɓi asibiti ɗaya ya yi rajista, shi da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, in an rubuta magani ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin. Wanda ya yi lissafin mata ɗaya da 'ya'ya huɗu dai bai taɓa zuwa suna a unguwarmu ba, amma wannan zancen wata rana ne. Ni na zaɓi wani asibitin kuɗi a nan Kano don kawai ana iya zuwa a ƙafa. Sai daga baya na gane cewa duk babban likitan da kake son gani, na ƙashi ne ko na zuciya, sai likitan nan ya rubuta maka takardar turawa, kamfanin inshora kuma ya ba da lamba. Shi ne ƙofar garin, kuma babu ta biyu.

Masu zaman benci sun sa masa suna Dakta Na-Gaba. Ba ya ɗaga kai. Ka shiga yana rubutu, ka zauna yana rubutu, ka fita yana rubutu. Shekara da shekaru muna zuwa, amma a gidanmu babu mai iya siffanta fuskarsa. Sanƙonsa kuwa, ko autana zai zana maka shi. Uwargida ta ce ta taɓa tsayawa dab da shi a kasuwar 'Yankaba, ba ta gane shi ba sai da ya sunkuya zai zaɓi albasa.

Ni abin nawa cikin dare ya same ni. Na kwanta lafiya lau bayan na yi wa kaina adalci da tsire da 'yar hanta da lemon kwalba mai sanyi. Can tsakar dare na farka da salati. Uwargida ta haska fitilar waya tana neman kunama, ta kakkaɓe zanin gado, ta ɗaga katifa, babu komai. Babban yatsan ƙafata na dama ne ya kumbura tun daga gindi, ya yi jawur yana sheƙi kamar tumatirin Kadawa. Ko iskar fanka ta taɓa shi sai na ji har tsakar kaina.

Kafin hantsi unguwa ta gama bincike. Maƙwabcina ya ce wani abu aka binne na taka. Wanzami ya ce mataccen jini ne, ƙaho biyu sun isa. Surukata ta aiko da man shanu da tafarnuwa. Asibitin da na zaɓa don ana zuwa a ƙafa, a Adaidaita Sahu na je shi, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗayar a waje tana shan iska. Na yanki kati, aka gwada jinina, na zauna a benci har ɗuwawuna ya haddace katakon, sannan aka kira ni.

"Salamu alaikum. Likita, barka da aiki. Ya gajiya, ya iyali, ya..."

"Me ke damunka?"

"To, ranka ya daɗe, daren jiya ne bayan sallar isha'i..."

"Zazzaɓi?"

"A'a, yatsana ne..."

"Ciwon kai?"

"Sai dai in na tuna kuɗin makarantar yara."

"Ciwon kai," in ji shi, ya rubuta. "Je ka ɗakin gwaji. Na gaba!"

A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun naɗi hirar likitoci da marasa lafiya, suka gano cewa likita kan katse mai magana bayan kimanin daƙiƙa 18. Wani binciken da ya fito a 2018 ya ce daƙiƙa 11 ne. Su can abin kunya suka ɗauke shi. Ni kuwa cewa na yi Allah Ya ba mu irin waɗannan masu haƙurin. Cikin daƙiƙa 18 Bahaushe bai ma kai ga tambayar yara ba, balle a zo ga yatsa.

Sakamako ya fito: taifot, har da ɗan ɓurɓushin maleriya don kada ta yi kewa. Na dawo da takardar, wannan karon na ƙuduri aniyar sai ya ga abin da ya kawo ni. Na tattara ƙarfina, na kama ƙafar da hannu biyu, na ɗora ta a gefen teburinsa.

"Malam, nan ba majalisar mai shayi ba ce. Sauke ƙafarka."

"Likita, ai ita ce marar lafiyar. Ni rakiya na yo."

"Kai ne likitan ko ni? In ka san ciwonka me ya kawo ka?"

Na so in ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kafin in haɗa karin maganar har na gaba ya shigo ya zauna. Na koma gida da leda cike da magani, na shanye tas. Cikina ya ɗuri ruwa, bakina ya yi ɗaci, yatsa kuwa ya ɗan lafa don kansa, ya huta, sannan ya dawo da sabon ƙarfi.

Abokaina na majalisa suka ce laifin shigata ne. Wa zai saurari mutum da yadi da silifa ɗaya? Don haka na ɗauko babbar rigar shaddata ta bikin ƙanwata, wadda ta sha sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai, na kafa zanna bukar, na yi wanka da turare. Na kwana ina binciken intanet, na haddace kalmomin likitanci masu nauyi. Da na shiga ban yi gaisuwa ba, na buɗe baki da Turanci. Alƙalaminsa ya tsaya. Zuciyata ta ce yau za a ga fuska.

"Dakta Google ne ya turo ka?" in ji shi, kansa na nan inda yake. "To ka koma shi ya rubuta maka maganin."

Daga nan ya juye mini wani Turanci mai tsawo wanda ban tsinci komai a ciki ba sai sunana. Raina ya ɓaci, gumi ya keto, gefen shadda kuma ya gogi yatsan. A daidai wannan lokacin ya ga damar ɗaura mini abin awon jini. Aka samu 170 bisa 100. Ya ce tun daga 140 bisa 90 ake kiran abu hawan jini, ni kuma ga shi ina neman wuce sama. Ya ninka mini ƙwayar hawan jinin da na daɗe ina sha, irin mai sa fitsari, ya ce in rage tunani. Su kansu likitoci sun san akwai mutanen da ganin farar riga kawai ke tayar musu da jini. Nawa jinin ba ganin riga ya yi ba, baƙar magana ya ji.

Bayan ninka ƙwayar nan, ciwon ya gayyato idon sawu. Na koma sallah a zaune, dare kuma na raba shi biyu tsakanin nishi da rarrafe zuwa banɗaki.

A haka Gwaggo ta zo dubiya. Ƙanwar mahaifina ce, tsohuwar nas kuma ungozoma, ta yi aiki a asibitocin gwamnati har ta yi ritaya, kuma har yau in ta yi gyaran murya a zaure jikoki kan gyara zama. Ta dubi ƙafar, ta dubi takardar gwajin, ta ja tsaki.

"Widal! Kai, ɗan nan, wannan gwajin ya girmi kakanka. Wani likitan Faransa ne ya fito da shi tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawun da ta bari a jini yake gani. Wanda ya taɓa yin taifot a baya, ko mai maleriya ma, sai ya nuna masa yana da ita. In da gaske ake nemanta, shuka jinin ake yi a ga abin da zai tsiro. Kuma tun da nake ban taɓa ganin taifot ta sauka a yatsa ba."

Ta sa na ɗauko takarda na rubuta abu huɗu: yaushe ciwon ya fara, ina yake, me na ci kafin ya tashi, da duk maganin da nake sha. Ta ce in tattaro kwalayen gaba ɗaya a leda, har da na kemis. Ta kuma karanta mini haƙƙina. Ta ce a 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marar lafiya, a ciki akwai cewa a yi maka bayanin ciwonka da harshen da kake ji, a mutunta ka, kuma in ba ka gamsu ba ka kai ƙorafi. Likitan da ya wuce gona da iri, akwai majalisar MDCN da ke ba su lasisi, tana kuma iya ƙwacewa. Na ce to bari in je da kundin in karanta masa. Ta ce, "Bar kundi a gida. Da ni za ka."

Muka shiga tare, tana gaba ina ɗingishi a baya.

"Mutum ɗaya ake shiga," in ji Dakta Na-Gaba.

Gwaggo ta ja kujera ta zauna, ta gyara mayafi, ta miƙa hannu ta shimfiɗa tafinta a kan takardar da yake rubutu. Ɗakin ya yi tsit. Nas ɗin da ke bakin ƙofa ta tuna tana da aiki a wani wuri.

"Yaro, ɗago kai ka dubi mutane. Ina ɗakin haihuwa ina karɓar irinku tun ba ka san ɗumin duniya ba."

Ya ɗago. Jama'a, ashe yana da gashin baki! Har da wushirya. Ashe kuma yaro ne, ba zai wuce sa'ar ƙanena ba, idanunsa jawur, ƙasansu ya yi baƙi. Ya buɗe baki zai yi magana, Gwaggo ta zazzage ledar magunguna a kan tebur, ta ɗora takardata a kai, ta nuna ƙafata da baki.

Abin da ya biyo baya ya fi komai ba ni haushi, domin ashe mutumin ya san aikinsa. Ya karanta takardar, ya zagayo ya tsuguna, ya taɓa gindin yatsan har na kira sunan Allah. Ya ɗauki kwalin ƙwayar hawan jinin ya juya shi, ya yi shiru. Sannan ya ce, da Hausa mai daɗi wadda ban san ya iya ba, wannan ciwon gawut ne ga dukkan alamu. Wani sinadari ne, yurik asid, yake taruwa a jini, ya daskare ya zama 'yan tsinkaye masu tsini a cikin gaɓa. Ya fi kama maza, ya fi son babban yatsa, kuma da dare yake kai farmaki. Ƙwaya mai sa fitsari tana rage wa ƙoda fitar da shi. Wato abin da ya ninka mini shi ya ƙara wa wutar fetur. Ya canza maganin, ya rubuta gwajin sinadarin, ya ba ni na kashe kumburi. Duka-duka bai kai lokacin shan shayi ba.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji shi. "Tun jiya da safe nake nan. Abokin aikina ya tafi Saudiyya, ɗayan yana Ingila."

"Na sani," in ji Gwaggo. "Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, har yau Najeriya ba ta cika ba. Gajiyarka gaskiya ce. Amma ba wannan ne ya cinye kasafin ba. Da ka dube shi tun farko, da ka rage wa kanka layi, don mutum ɗaya ya yi ta dawo maka da ciwo ɗaya."

Ina zaune ina ta gyaɗa kai, ina jin daɗin nasara har cikin ɓargo. Sai likita ya juyo gare ni, ya kalle ni ido cikin ido, abin da na daɗe ina fata.

"Malam, me ka fi ci?"

"Tuwo," na ce. "Da miyar kuka."

"Ƙarya yake," in ji Gwaggo. "Mai tsiren bakin titi da kuɗinsa ya yi aure na biyu."

Nan take aka karanto mini hukunci. Hanta, ƙoda da sauran kayan ciki, a bari. Kilishi, balangu da tsire, sai ɗanɗane. Lemon kwalba, a manta da shi. Ruwa kuwa a sha da yawa. Duk wannan a gaban Gwaggo, wadda ba ta mantuwa, ga shi Babbar Sallah ta ƙarato. Garin neman ƙiba na samo rama. Kafin mu iso gida har ta kira uwargida a waya ta karanta mata jerin, tana maimaitawa don a rubuta.

Yatsa dai ya saɓe, na koma sa takalmi biyu kamar kowa. Na karɓo takardar sauya asibiti, Gwaggo ta hana ni cikewa. Ta ce wanda aka riga aka horar ba a barinsa a je a fara da sabo. Yanzu da takardata a rubuce nake shiga, gaisuwa ɗaya, in faɗi inda ke ciwo kafin in faɗi tarihin unguwa, kuma ba na tashi sai na ji sunan cutar da aikin kowace ƙwaya. Mai tsire kuwa har gida ya zo da rakiyar limami, yana tambaya ko wani laifi ya yi mini.

Na tambayi Gwaggo me zan ba ta na wahalar da ta sha. Ta ce haba, tsakanin uwa da ɗa ina zancen biya. Ranar layya, ko gama feɗe ragon ba a yi ba, sai ga jikanta a ƙofar gida da kwano mai murfi. Ya ce Gwaggo na gaishe ni, ta ce a zubo hantar da ƙodar, don ta rage mini jarabawa.