Kazarmu Ta Fi Daɗi, Amma Ina Take Kwana?

Mu mutanen Tamale, daga Zongo zuwa Sabonjida, daga Aboabo har Lamashegu, kowa malamin kaji ne. Zauna a majalisa bayan la'asar ka ce kazar agirik ta fi ta gida, ka ga yadda za a taso maka: wannan ya ce namanta ruwa-ruwa ne, wancan ya ce ƙashinta ma taunuwa yake yi, dattijo ya rantse tuwon zafi da miyar ayoyo ba sa amsa sunansu sai da zabo. Duk gaskiya muka faɗa. Amma ranar suna ko biki, su wa ke cinikin kwalin kajin ƙanƙara da suka ƙetaro teku daga Burazil da Amurka da Turai, suka sauka a Tema, aka yi ta jigilarsu har arewa? Mu ne dai.

To ita wadda muke yabo, ina muka ajiye ta? Wata a reshen mangwaro, wata a bayan murhu, wata a akurkin laka da rabon da ya ga tsintsiya tun daminar bara. Ba wanda ya san adadin kajinsa sai ranar da ɗaya ta ɓata, nan take Hajiya za ta tuna launinta da ranar da aka ƙyanƙyashe ta, maƙwabta kuma kowa ya shiga zargi. Kaskon ruwa guda ne na kaza da agwagwa da akuya, kuma albarkacin kaza ƙadangare ma yana sha. Ƙwan zabi kuwa kaza muke ɗora wa, ita da ta saba kwana 21 ta tashi, sai ta zauna kusan kwana 28, mu je mu tono wa 'ya'yan gara da sassafe, sannan mu sake su cikin raɓa da ciyawa. Kafin wata ya zagayo sanyi ya ɗauki rabonsa, shirwa ta ɗauki nata, mu ce ƙaddara.

Ba sai mun je Nyankpala wajen malaman noma na jami'ar UDS ba kafin mu yarda cewa makwanci yana fitowa a jikin nama. Burola da ke tsare a ɗaki, abinci a gabanta dare da rana, tana kai kilo biyu cikin mako 6 zuwa 8, don irinta ne haka, kuma ba ta ƙona ƙarfinta a yawo. Tamu kuwa sai ta yi wata 5 ko 6 tana tono da gudu da tsalle katanga kafin ta isa tukunya. Wannan yawon da yawan kwanakin su ke sa namanta ya yi duhu, jijiya ta yi ƙarfi, romo ya yi ƙamshi. Taurin da yara ke kuka da shi da daɗin da manya ke yabo, uwa ɗaya ta haife su.

Babban labarin ma yana cikin hanjin da muke jefa wa kyanwa. A ƙarshensa akwai 'yan jakunkuna biyu cike da bakteriya, wasu na taimaka wa narkewar abinci suna tare wa masu cuta hanya, wasu irin su Salmonella kuwa su ne ke kwantar da mai gida in nama bai dahu ba. Tun 1973 masana a Finland suka nuna cewa ɗan tsakon da aka ba ƙwayoyin hanjin lafiyayyar babbar kaza ya fi tsira daga Salmonella. Ashe tsakon da ke bin uwarsa yana tsattsaga inda ta tsattsaga, gado yake karɓa. Sai dai a juji da bakin kwata yana haɗawa da tsutsar ciki. Na cikin ɗaki kuma, in buntun shinkafa ko garin katakon da aka shimfiɗa ya jiƙe, ga warin da ke cin ido da huhu, ga cutar kashin jini. Keji yana raba kaza da kashinta, amma ya hana ta motsi da wankan ƙura. Ƙara da rufin kwano a watan Maris da Afirilu, lokacin da zafin Tamale ke taɓa digiri 40: kaza ta buɗe baki tana haki, ta bar ci, girma ya tsaya.

Sai hunturu ya shigo da cutar Newcastle, mu kuma duk mu zama likitoci. Wani ya jiƙa ɓawon maɗaci, wata ta daka barkono, mafi yawanmu mu ɓare kafso mu juye a kasko. Alhali bairus ce, kafso bai san hanyarta ba. Abin da yake yi shi ne kashe bakteriya masu amfani, ya koya wa miyagun jure magani, ragowarsa ya biyo ƙwai da nama ya dawo cikinmu. Da kaza ta fara gyangyaɗi kuma a nemo wuƙa da gaggawa, sabo da kaza ai ba ya hana yanka ta.

Jama'a, rigakafi ya fi magani, kuma na Newcastle ɗigo ne a ido, ma'aikatan dabbobi suna yi, makarantarsu ma tana nan Pong-Tamale kusa da mu. Mu bar kazarmu ta yi yawonta da rana, amma da dare ta samu akurki busasshe mai shan iska, a share shi duk mako, a zuba toka, a wanke kasko kullum, a tsare 'yan tsaki makonnin farko har su yi gashi. In mun yi haka, Sallah mai zuwa kazar gidanmu za mu yanka wa baƙi, mai shagon ƙanƙara ya yi haƙuri da mu.