Ma'aikatan Bogi a Jimlar Turanci

Dokar nahawun Turanci ba ta da wasa. Kowace jimla sai da aikau da aikatau, karɓau kuma in hali ya yi. Madalla.

To ranar da ake ruwan sama fa, wa ya aikata? Babu kowa. Amma kujerar aikau ba ta zama haka nan. Sai Bature ya ɗauko "it", haruffa biyu kacal, ya ɗora a kai. Kullum yana sahun gaba, bai taɓa ɗaga ko tsinke ba.

A jimlar umarni kuwa, duba sama da ƙasa, babu aikau. Ka tambayi malam, ya gyara tabarau ya ce ai "you" yana nan, ofis ne kawai ba ya zuwa.

Kwamitin tantance ma'aikata bai iso littafin nahawu ba tukuna.