Kofin Kwandon Shara

A wasan besbol na Amurka, mai cafe ƙwallo yakan yi wa mai jifa alama da yatsu kan irin jifan da zai yi. Sirrin mutum biyu ne. A 2017 ƙungiyar Houston Astros ta ga ba dalilin da za a riƙa ƙus-ƙus ban da ita. Ta kafa kyamara tana leƙen yatsun, wani yana gaban talabijin a bayan fage, da ya ga jifa mai lanƙwasa na tafe sai ya narka wa kwandon shara sanda. Gwaram! Mai bugun ƙwallo na Astros ya ji, ya gyara tsayuwa.

A shekarar suka doke Los Angeles Dodgers, suka ɗauki kofi.

Sai a 2019 tsohon ɗan wasansu Mike Fiers ya fasa ƙwai. Hukumar wasan ta ci su tarar dala miliyan 5, ta dakatar da koci A.J. Hinch da manaja Jeff Luhnow. 'Yan wasan da suka kasa kunne kuwa, ko harara ba su sha ba, kofin ma yana Houston abinsa.

Magoya bayan Dodgers ba su huce ba. Da Astros suka je musu baƙunci a 2021, da ihu da kwandunan shara na hurawa aka tarbe su.