Santimita Ɗaya

Tun ranar da na cike fom ɗin neman aikin ɗan sanda a shagon kwamfuta na bakin kasuwa, sunana na yanka ya ɓace a unguwarmu. Kowa sai "Ofisa". Mai shayi ya buɗe mini shafin bashi har da ƙwai, wai in albashi ya fara shigowa ma yi lissafi. Kawu kuwa ya ja ni gefe ya lissafo mini waɗanda suka riƙe masa kuɗin gero, ya ce da na sa kaki in fara da su. Ƙanwata ma ta cike nata fom ɗin, amma ko kallo ba ta ishi kowa ba.

Takardu ba su ba ni wahala ba. Shekara 18 zuwa 25, ina ciki. Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, NECO ta rufa mini asiri. Lambar NIN, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, duk suna cikin fayil. Inda gizo ke saƙar shi ne tsawo. Namiji sai ya kai mita 1.67, ƙirjinsa kuma in ya cika shi da iska kada ya gaza santimita 86. Telan layinmu ya auna ni, ya ce 1.66. Na ce ya sake. Ya ce tef ɗinsa bai san ɗan unguwa ba.

Nan fa aka shiga neman magani. Kullum bayan sallar asuba ina rataye a reshen darbejiya kamar jemage. Inna ta ɗora ni a kan wake safe da dare. Na yanke hulɗa da wanzami, suma ta yi tozo. Wani abokina da ke karatun aikin jinya ya ce mutum ya fi tsawo da sassafe, domin ƙashin baya yana saki in an kwanta, yana matsewa in an wuni a tsaye. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai san layin tantancewa ba.

Ranar na isa tun duku-duku, sanye da farar riga da farin gajeren wando, da kwalin sabulu ninki uku cikin kowane kambas. Ashe wasu a can suka kwana. Ba a zo kaina ba sai da la'asar ta gabato, ina ji a jikina ina raguwa.

"Kowa ya cire takalmi!" in ji wani saje mai gashin baki. Na cire, kwali ya faɗo. Ya ɗauka ya jujjuya, ya ce, "Samari, wanki ka zo yi?"

Aka duba ƙafafu, ba gwame, ba baka. Aka zo ƙirji, na zuƙi iska na riƙe. Daidai lokacin wani ya zo gaida mai awon, suka shiga tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya, har da mai jiki. Sai da na fara ganin taurari da rana tsaka kafin ya ce na wuce.

Saura bango. Na manna baya, na ɗan ɗaga dunduniya a hankali.

"Sauko ƙasa mu gaisa," in ji saje. Ya ɗora katako a kaina ya danna, sumar da na sha wahalar tarawa ta kwanta luf. Ya ce, "1.65."

"Yallaɓai, wallahi da safe na fi haka."

"To ka dawo jiya da safe."

"Ranka ya daɗe, kakana fa ɗan doka ne tun zamanin En'e, dogo ne sosai."

"Madalla. Ka turo mana shi."

Ƙanwata, wadda kanmu ɗaya in muka jera, ita ma 1.65 aka auna ta. Su mata 1.64 ake nema. Yanzu haka tana Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, kuma ni ne mai kai mata garin kwaki da ƙuli-ƙuli ranar ziyara.