Furfura da Ƙafar Keke

A Kalifoniya yara suka fara tseren keken BMX a farkon shekarun 1970, suna kwaikwayon masu babur a kan turɓaya. Yaran nan yau sun yi furfura, aljihu ya yi nauyi, sai ga su suna farautar irin keken da iyayensu suka jefar a bola, suna saye da tsadar da za ta sa mai gyaran keke ya yi salati.

Wai kuma ƙafar ma da hannunsu za su haɗa. Rim mai inci 20, wayoyi 36, kowace sai ta gitta uku kafin ta isa raminta. Wannan duk mai sauƙi ne. Saitin ne ke cin rai: ka ɗaure wayar dama, rim ya karkace dama, ka sassauta, ya koma rawa sama da ƙasa. Kaɗan-kaɗan ake murɗawa, ana kaɗa wayoyin ana kasa kunne kamar mai gyara gurmi, tuwo na hucewa, uwargida na harara.

In an gama sai a rataye keken a bangon falo. Hawa kuwa, gwiwa ta ce a kai kasuwa.