Na Je Taron Bita, Na Dawo Injiniya

Ranar da takardar gayyata ta iso, har mai unguwa sai da ya ji. Wai wata ƙungiya ce ta shirya bita ta kwana biyu a birnin Kano, za a koya wa manoma yadda ake tallar amfanin gona a intanet. Kawu bai tambayi abin da za a koya ba. Muryarsa ya rage, ya ce, "Ɗana, akwai kuɗin mota?"

Na ci shaddar Sallah, na hau mota a tashar Dambatta. Zauren otal ɗin da aka yi bitar sanyi kamar fadama da asubar hunturu. Wani saurayi mai ɗamammen wando ya tsaya gaban majigi yana ta zuba Turanci, can ya ce kowa ya buɗe kwamfutarsa. Muka dubi juna. Na zaro 'yar Tecno ɗina da na ɗaure da roba don kada batir ya zube, na kife ta a cinya. Duk inda ya ɗaga murya mu gyaɗa kai, inda ya yi shiru mu tafa. Amma da aka ce a zo a sa hannu a takardar alawus, wani dattijo da ya yini yana gyangyaɗi shi ya riga kowa, har yana tsallake kujeru.

Ai mu mun daɗe muna tsere da zamani, shi a kan babur, mu a kan jaki. A 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan gona, aka ce taki ta waya zai zo. Kawu ya sayar da zakara biyu ya cika kuɗin waya, saƙon kuwa bai shigo ba sai da gero ya fid da kai. Ƙarshen 2020 aka ce a haɗa layi da lambar NIN, muka sha rana a layi. Sai canjin kuɗi na 2023. Da idona na gani a kasuwar Dambatta, ran Lahadi: mai akuya riƙe da igiya, mai saye riƙe da ƙafar baya, kowa ya ɗaga waya sama yana jiran alat, akuya tana ta kuka a tsakani. Yanzu mun fara iya tiransifa ke nan, sai ga saurayin nan yana cewa ƙirƙirarriyar basira ake yayi.

Na dawo da jaka, da takardar shaida, da sabon suna: Injiniya. Mai son a goge masa hoto, mai son a nemo masa Facebook ɗinsa da ya ɓata, duk ƙofar gidana suke sallama.

Kawu ya ce in sa masa gyaɗarsa a intanet. Na kai waya caji shagon mai janareta, na hau jujin bayan masallaci, don nan kaɗai sabis ke sauka a garinmu, na tura hoton buhu uku. Kwana uku ana ta "Masha Allah" da "Allah ya kawo kasuwa". Wani ma ya roƙi mudu biyu sadaka. Ran na huɗu Kawu ya ɗora buhunansa a akori-kura ya nufi Dawanau.

Jakar kuwa, uwargida ta ce ba ta taɓa samun ma'ajin daddawa irinta ba.